Bishiyar da Ta Tare Fuskar Babban Baƙo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin lambu a ma'aikatar ƙawata birni, kuma duk a wuri ɗaya ya yi su, wato shataletalen da ke kan hanyar filin fareti. Masu wucewa ba su san sunansa ba, Baba Fure suke ce masa. Ni kuwa tun ina 'yar mitsitsiya nake shan labarin shataletalen nan a tsakar gidansa, har na san shi kamar ɗakin uwata.

Ga yadda aikin yake. Kowace shekara gwamnati kan gayyato shugaban wata ƙasa ya zama babban baƙo a faretin ranar ƙasa. Da an tsayar da wanda zai zo, sai a aiko wa Kawu takarda ɗauke da launukan tutar ƙasarsa, shi kuma ya dasa furanni su fito da launukan nan tsaf. Fure yana son mako shida kafin ya buɗe. Ayarin baƙo kuwa, Kawu ya taɓa aunawa da agogon hannunsa, daƙiƙa goma sha ɗaya yake yi ya zagaye ya wuce, gilasai a rufe baƙi ƙirin. Bayan kwana uku a ce ya tumɓuke komai, kada baƙon baɗi ya zo ya tarar da tutar wani.

"Na fi malamin makaranta sanin tutocin duniya," haka yakan ce in ya dawo yana kankare laka daga takalminsa, "amma ko kunnen shugaba ɗaya ban taɓa gani ba."

Abu guda ne kawai ya tsira daga tumɓukewa. A makonsa na farko a aiki ya sha mangwaro da rana, ya tura ƙwallon cikin ƙasa a gefen shataletalen, yana zuba masa ragowar ruwan bokiti. Ba wanda ya sa shi, bishiyar da ta tsiro kuma ba ta cikin takardar kowa. Duk shekara in ana shafa wa bishiyoyin gwamnati farar ƙasa saboda fareti, sai ita ma ya shafe ta har ƙugu, kwamitin duba hanya ya wuce yana zaton tasu ce. A haka ta girma ta yi rassa, mai ba da hannu na wurin yana cin abinci a inuwarta, masu shara suna jingine tsintsiya a jikinta.

To, a shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya aka kawo musu sabon darakta, yaro ɗanye, babban ɗan Kawu ma ya girme shi. Duk takardar da ta fito daga ofishinsa sai an buga mata hatimin gaggawa, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Yallaɓai Gaggawa. Takardar farko ta ce ja da fari. Kawu ya dasa ja da fari. Sun fara kama ƙasa ke nan wata takardar ta iso: wancan shugaban ya fasa, rigima ta taso masa a gida, wanda za a gayyata yanzu tutarsa rawaya ce da fari da shuɗi. Kawu ya taka har ofis ya yi bayanin cewa shuɗin fure ba ya yi a ƙasar wurin, ya gwada shi sau huɗu a rayuwarsa. Yallaɓai ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce ai da sauƙi, a fesa wa farare fenti. Inna, matar Kawu, ta ce ranar ko abinci bai iya ci ba, sai zagaye tsakar gida yake yana maimaita "a fesa wa fure fenti" kamar mai bitar karatu. Daga ƙarshe tsakuwa ya tara ya yi mata shuɗin fenti ya jera, ya ce gara ya yi wa dutse ƙarya da ya yi wa fure.

Ana saura kwana takwas aka kafa wani katafaren allo a bayan shataletalen, tsayinsa ya kai bene, ɗauke da hoton shugabanmu da baƙon suna musabaha. Washegari kwamiti ya zo dubawa. Su dai 'yan kwamitin nan ba sa sauka daga mota, gilashi kawai suke zugewa rabi su leƙo. Da suka leƙo sai suka ga shugabanmu sarai yana murmushi, baƙon kuwa daga hanci zuwa sama ganyen mangwaro ne. Nan take Yallaɓai ya yafito Kawu ya ce a sare bishiyar kafin Alhamis, zai dawo ya gani da idonsa.

Da yamma Kawu ya zauna a kan tabarma ya kasa ko cire hula. Inna ta ajiye masa shayi, ta ce ba shi ne kullum yake cewa ya gaji da wurin nan ba, ga wata uku ya rage masa, ina ruwansa da abin da za a sare.

"Uwar yara," in ji shi, "in jikana ya tambaye ni aikin me na yi shekara talatin da ɗaya, me zan nuna masa? Duk abin da na dasa ni na tumɓuke shi da hannuna. Ita kaɗai ce ta rage."

Inna ta ci gaba da fifita. Can ta ce, "Malam, ba kai ka ce ba sa sauka daga mota ba? To ka je ka ga abin da mai zaune a mota yake gani mana, ka daina kallonta a tsaye."

Kawu ba shi da mota, amma yana da baro. Da hantsi ya shimfiɗa buhu a ciki ya zauna, ya sa amininsa mai ba da hannu ya riƙa tura shi a kan layin da ayari ke bi. Ku ƙiyasta dattijo mai furfura, gwiwoyi a ƙirji, ana gungura shi a tsakiyar titi yana ɗaga hannu yana cewa a ɗan ja baya, a ɗan matsa gaba. Direbobi sai hon suke, wani ya leƙo ya tambaya ko babban baƙon ne ya iso da wuri. Mai ba da hannu yana haki ya ce shi dai ba a ɗauke shi aikin tura shugabanni ba, in za a yi zagaye na biyar sai an ƙara masa girma. Amma a zagaye na huɗun Kawu ya gano abin da yake nema: rassa biyu ne kacal suka tare fuskar.

Ƙaramin reshen ya ɗaure shi da igiya, ya rataya masa bulo uku, ya sunkuya ya ba da hanya. Babban ya ƙi. Shi ne reshen da ya fara yin 'ya'ya, shi ne kuma rabin inuwar wurin. Kawu ya yi kwana biyu yana ja yana lallashi, reshe ko gezau. Ranar Laraba ya jingina tsani, ya hau da zarto, ya hana kowa taya shi. Mai ba da hannu ya ce min tun da ya san Kawu bai taɓa jin ya zagi kowa ba sai ranar, kuma bai ware ba: ya haɗa da allon, da wanda ya kafa shi, da baƙon da hancinsa, da wanda ya fara ƙirƙiro gayyatar baƙi.

Alhamis motar Yallaɓai ta tsaya, gilashi ya sauka rabi. Ga fuskar baƙo fes har goshi. Amma ya ce shi bishiya ya ce a sare, ba reshe ba.

"Ranka ya daɗe, a sare," in ji Kawu, hula a hannu. "Sai dai in ta faɗi, kan furanni za ta faɗo. Motar da za ta kwashe ta ma ta kansu za ta bi. Sabon dashe mako shida yake so, mu kuma kwana uku gare mu. In an yarda baƙo ya ga laka da kututture, ga zarto nan."

Yallaɓai ya dubi allo, ya dubi furanni, ya dubi agogo. Gilashi ya koma sama, mota ta ja.

Ranar fareti Kawu ya sa kakinsa da Inna ta goge har yana ƙyalli, ya tsaya a gefen furanni tun da sassafe. An rufe titi, an kori masu talla, an ce kowa ya nutsu. Ƙarfe tara ta wuce, goma ta wuce, ba jiniya. Sai ga rugugi daga sama. Ashe jirgin baƙon ne ya makara, aka ɗauko shi daga filin jirgi a jirgi mai saukar ungulu kai tsaye zuwa filin fareti. Ko tayar mota ɗaya ba ta taka shataletalen ba.

Mai ba da hannu ya ɗaga kai yana kare rana da tafi, ya ce, "Baba Fure, albishirinka. Daga can sama ba ya ganin allo, bishiyarka kaɗai zai gani."

Kawu ya ja tsaki ya ce ai baƙon nan barci ma yake yi. Ya kwance bulo ukun nan, ya tafi gida bai saurari ko taken ƙasa ba.

Yau shekara biyu da ritayarsa. Bishiyar tana nan, ta karkace gefe guda kamar mai ciwon wuya, mai ba da hannu da masu shara suna matsatsi a rabin inuwar suna tsine wa allon da tuni aka kwance. Bana kuma aka sanar a rediyo cewa shugabanni uku aka gayyata lokaci guda. Kawu bai bari mai labarai ya kai ƙarshe ba ya kashe rediyon. Ya ce sabon mai lambun yaron kirki ne, amma bai san dawan garin ba. Ya ɗauki bokitin farar ƙasa da buroshi, ya ce wa Inna kada a jira shi da abincin rana.