Ƙusar Madubin Safiyo

Ban yafe wa heliman safiyo, shugaban leburorinsa, ba, kuma ba ni da niyya. Ya karya wa mijina hannun dama a kan ƙusar da ba ta kai ƙwayar dawa ba.

Lokacin ana awon hanya tsakanin Tudun Wada da Doguwa, mun yi zango a gefen dajin Falgore. Ni ke tuƙa wa leburori tuwo, mijina kuma shi ke ɗaukar madubin da safiyo, mai awon hanyar, ke leƙawa ya fitar da layi. Bututun ƙarfe ne kamar kamu guda, a rataye tsakanin hannuwa biyu irin na gwafa. Yana ɗagawa yana sunkuyawa, gwafar kuma tana juyawa a kan ƙafa uku. A cikinsa akwai siririn zare a gicciye, inda zaren ya faɗa nan ake kafa turke.

Mijina manomi ne daga Kiru, mutumin da ba ya ganin abu na girgiɗi ya wuce. Ƙotar fartanya, murfin rumbu, duk sai ya matse. Rannan yana goge madubin ya ga wata 'yar ƙusa a gindin hannu ɗaya na gwafar ta ɗan leƙo, ya sa bakin wuƙa ya murɗe ta tam. Har da zuwa yi mini alfahari a murhu, wai ya ceci kayan gwamnati.

Da aka fara hawan tudu sai turaku suka riƙa karkata. Leburori suka sare daji mai ƙaya har tafinsu ya fashe, aka ce ba nan ba ne, a sake. Helima ya sha faɗa, ya dawo yana neman wanda zai sauke wa.

Da hantsi na kai ruwa na tarar safiyo ya kafa madubin a gaban wata doguwar ɗorawa. Ya saita zaren a kan tsinin wani busasshen reshe can sama, ya sunkuyar da bututun har ƙasa, ya sa aka buga turke. Sai ya kifa bututun ta tsakiyar gwafar, ya juya gwafar baki ɗaya, ya sake kama reshen, ya sake sunkuyarwa. Da lafiya lau ne, a kan turken farko zai sauka. Ya sauka a gefe, tazarar tafin hannu.

Safiyo ya ce, "Hannu ɗaya ya fi ɗaya tudu. Wa ya taɓa ƙusar nan?"

Mijina ya durƙusa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Gani na yi ta kwance."

"Ta kwance!" in ji helima. "Garmar ubanka ce? Baƙauye, kai ka sa muka kwana cire ƙaya?"

Gudumar buga turke ce a hannunsa. Dukan farko a kafaɗa, mijina ya kife. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, na biyu ya sauka a tsintsiyar hannun. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Bai tsaya ba, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, a baki, jini ya cakuɗe da ƙasa. Na jefar da tulu na kama rigarsa, ya make ni da gwiwar hannu, haƙorina na gaba ya tafi. Safiyo yana ihu a bari, amma hannuwansa biyu suna rungume da madubi, kada a ture.

Ina zaune ina tofar da jini, kan mijina a cinyata, na kalli gyaran. Safiyo ya kafa turke a tsakiyar turken farko da inda zaren ya sauka karo na biyu, ya saita zaren a kansa, ya ɗaga bututun sama, ya sa wani ɗan tsinken ƙarfe ya sassauta ƙusar kaɗan-kaɗan har zaren ya hau reshen. Ya kifa ya gwada, ya sauka daidai. Ko ruwan tuwo ba zai tafasa ba a lokacin da ya ɗauka. Hannun mijina kuwa ya kumbura ya yi baƙi, kuma da shi muke ci.

Helima ya wuce ta kanmu ya ce, "Uwar tuwo, a shafa masa man shanu, gobe akwai kaya."

Da gari ya waye ban hura wuta ba. Na ari jaki a rugar da ke kusa, na ɗaure hannun da kara da tsumma, na ɗora mijina. Sannan na ɗauki taɓarya. Helima na zaune a kan akwatin madubi yana jiran koko, hannun damansa a kan gwiwa.

"Ina kokon?" ya ce.

Na ce, "Ga shi, ranka ya daɗe."

Na sauke masa ita a tsintsiyar hannu da duk ƙarfin da nake daka dawa. Babu leburan da ya tashi. Na yar da taɓaryar, na kora jaki muka nufi mai ɗori a Tudun Wada.