Shirun Nomau a Gaban Surukinsa

Har yau ban manta da ranar da anka aike ni Kebbe in taho da Nomau ba. Ku da kunka shiga aikin ga bayanmu, bari in ba ku labarin tun daga tushe. Lokacin ina ɗan doka na En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal, ko igiyar kofur ban samu ba, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Aikin ɗan doka shi ne ya kama wanda aka ce ya kama, ya raka shi, ya tsare ƙofar kotu. Hukunci na manya ne. Ni kuwa duk cikin 'yan dokan Tambuwal babu wanda ya ƙi jinin tafiya kamata. Sajan ya san haka, shi ya sa kowane aike ni yake nema.

"Garba, shirya. Kebbe."

"Ranka ya daɗe, akuyata ta kusa haihuwa."

"Kai ne ungozomarta? Ɗauki ankwa ka wuce."

Ga abin da ya faru. A wani ƙauye kusa da Kebbe akwai dattijo, Malam Labbo, mai shanu da gona. Yana da ɗa Altine, da ɗiya Ige wadda ke auren Nomau. Da kaka shanun Altine sun shiga dawar Nomau, sunka yi cacar baki a kasuwa, kowa ya ji. Da rani ya yi, sai mata masu itace sunka iske Altine a daji gindin wani gawo, kansa a fashe, ya cika. Nomau na durƙushe kusa da shi, jini ya ɓata mashi riga da hannuwa, ga gatarinsa yashe a gefe. Ba wanda ya ga sara. Amma ga faɗa, ga jini, ga gatari.

Na sa mashi ankwa munka kamo hanyar Tambuwal da ƙafa. Ni ba na iya tafiya baki rufe, don haka na yi ta ba shi labarin akuyata da furar matata. Can da munka zauna shan ruwa, sai ya buɗe baki da kansa. Ya ce shi da Altine sun shirya tun tuni. Ranar da safe Altine ya aro gatarinsa daga wurin maƙeri, inda shi Nomau ya kai a gyara ƙota, don ya hau gawo ya saro ma shanu ganye, kamar yadda makiyaya ke yi in ciyawa ta ƙare. Reshe ya karye da shi. Nomau ya ji ƙara, ya sheƙo, ya tallabe kansa yana laƙƙana mashi kalmar shahada har rai ya fita.

Na ce, "To ai shi ke nan! Ka faɗi haka gaban manya."

Ya ce, "Allah ya sa."

Da munka iso na gaya ma Sajan. Ya ce, "Rakiya anka aike ka. Mai baki ne, shi faɗa da kansa." Kuma gaskiyarsa, doka ke nan.

Alƙalin gunduma ba ya shari'ar kisan kai, sai majalisar Sarki a Sakkwato. Can munka miƙa shi, na komo gida. Bayan wani lokaci labari ya iso mana cewa an yanke mashi hukuncin kisa. Na ce, yaya? Wani ɗan doka da ya tsare ƙofa ranar ya ba ni labari. Malam Labbo ya ce gaban kowa, "Shi ya kashe mani ɗa." Aka juya ga Nomau, ya sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ya ce, "Allah ya sani." Iyakar abin da anka samu daga bakinsa ke nan.

To a shari'a akwai abin da ake kira ƙasama. In an sami alama mai ƙarfi, kamar mutum da jini a jiki kusa da gawa, amma babu shaidun gani da ido, sai dangin mamaci maza su yi rantsuwa hamsin cewa shi ne. Malam Labbo da ƙanensa sunka raba ta, sunka rantse. Ba ƙarya sunka yi niyya ba, abin da zuciyarsu ta gaskata ke nan, kuma wanda ake tuhuma bai musa ba.

Ni da na ji, nan take na gane. Mutanen wajen nan kunyar suruki gare su ba wasa ba ce. Tun da Nomau ya auri Ige bai taɓa faɗin sunan Malam Labbo ba, bai taɓa cin abinci inda yake ba. In ya hango shi a hanya, sai ya tuɓe takalma ya ratse cikin gona. Mutumin da ke haka, yaya za ya ɗaga kai gaban jama'a ya ce, "Baba, ba haka ba ne"? Balle bayan tsoho ya rantse da Allah.

Zamanin Turawa ba a zartar da kisa nan take. Wanda anka yanke ma hukunci yana da damar ɗaukaka ƙara, abin da muke ce ma afil, zuwa gaban Joji, Baturen alƙali da ke zagayowa Sakkwato. Na ji an ce da farko Nomau ya ƙi, wai ba ya kai ƙarar surukinsa. Sai da Ige ta je gidan yari da goyo a baya, ta ce mashi, "Ba Baba za ka kai ƙara ba, hukunci za a sake dubawa. In ba ka so don kanka, ka so don wannan." Sannan ya yarda.

Da lokacin zaman Joji ya matso, aka ce a kawo Malam Labbo. Kun san wanda Sajan ya kira. Wannan karon ban ko yi gardama ba, har ya dube ni ya ce, "Lafiya kake, Garba?"

Tsohon ya rame ƙwarai. Yana bisa jaki, ina biye. An hana mu zancen shari'a da shaidu, don haka na yi ta zancen damina da tsadar gishiri, shi kuwa daga "uhm" sai "haka ne". Muna gab da Tambuwal ya tsai da jaki.

"Ɗan doka, kai ka tafi da mijin Ige?"

"Ni ne, Baba."

"Ya ce maka wani abu?"

"Baba, abin da ya ce an hana ni faɗi. Amma ya yi magana, mai yawa ma. Har ni sai da na yi shiru, kuma ka ga ba halina ba ne."

Ya shafa kunnen jakinsa. Sai ya ce, "Ni ban taɓa jin muryarsa sosai ba." Ya kora jaki munka shiga gari, munka hau motar Sakkwato.

Ranar afil ina tsaye a bakin ƙofa. Joji na bisa kujera, fuska ja wur saboda zafi, tafinta na gefensa. Aka karanta abin da majalisa ta yi. Joji ya ce a tambayi Nomau ko yana da abin cewa. Nomau ya hangi surukinsa zaune a gaba, sai ya durƙusa, ya juya fuska ga bango. Tafinta ya ce, "Kai, rayuwarka ake magana!" Shiru. Joji ya duba takardunsa, ya ce mutumin da ya nemi afil kuma ya ƙi magana, shi mi za ya yi mashi? Wallahi ji na yi kamar in jefar da kulkina in yi maganar da kaina.

Sai Malam Labbo ya dafa sanda ya miƙe. Tafinta ya ce, "Zauna, Malam, ba a kira ka ba."

Ya ce, "Gaya ma Bature, wannan ba ya magana inda nike. Ni za ni waje."

Ya tako har inda nake. Bai waiwaya ba, ya ba kotu baya, ya ɗaga murya: "Mijin Ige, faɗi abin da ka gani. Ko za shi kayar da rantsuwata, faɗi. Ni na sa ka." Ya fita ya zauna can nesa cikin rana, inda ba za ya ji ba.

Nomau ya yi magana. Bai rage kome ba daga abin da ya gaya mani a hanya. Joji ya ɗage zama, ya sa a kira maƙerin, a kuma je a duba itacen. Maƙeri ya ce ƙwarai, Altine ya karɓi gatarin da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi ne. Waɗanda anka aika sunka iske reshen can sama, rabi sara rabi karaya, ya bushe yana reto. Aka soke hukunci, aka kwance Nomau.

A tashar mota Malam Labbo ya nufo shi. Nomau na ganinsa ya tuɓe takalma ya zagaya bayan mota. Tsoho ya bi ta nan, shi ya ɓullo ta can. Ƙarshe Malam Labbo ya gaji, ya kama hannuna.

"Ɗan doka, je ka ce mashi ya yafe mani. Na rantse a kan jininsa."

Na zagaya na faɗa. Nomau na tsugune jikin taya yana hawaye. Ya ce, "Ce mashi bai yi mani kome ba. Ɗa ya rasa."

Na komo na isar. Tsoho ya ce, "Koma. Ban karɓi wannan ba. Ya ce ya yafe."

Haka na yi ta kai da komo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna, direba na ta danna oda, har Nomau ya ce, a hankali ƙwarai, "Na yafe." Ban ko buɗe baki ba tsoho ya ce daga wancan gefe, "Na ji."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Za a kawo maku mutum da jini a riga, ga faɗa, ga makami, ku tambaye shi ya yi shiru, ku ce ya amsa laifi. Kafin ku rubuta haka, ku ɗaga kai ku duba ko wa ke zaune cikin ɗakin. Mutanenmu akwai wanda za ya yarda a rataye shi da ya kunyata babba. Ku fitar da babban nan waje, ku ba wanda ake tuhuma ruwa, ku sake tambaya.