Damin da Baffa Ya Kwance

A sakandare ta Birnin Kudu malamin lissafinmu ya taɓa rubuta 8191 a allo, ya ce duk mai jin kansa ya raba ta daidai. Muka yi ta fama, kullum sai ragowa ta fito. Ya ce mu huta, irin wannan lamba ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ya nuna mana asalinta: a jera biyu guda goma sha uku, a ninka, a cire ɗaya. Wasu irinta kuma tagwaye suke zuwa, biyu kawai ke tsakaninsu. Ni dai ta burge ni don taurin kanta, halin gidanmu ne.

Da na koma garinmu Zandam hutun kaka, bakina bai yi shiru ba, na ba Baba labari. Lokacin gandunmu yana rawa. Baba ne babba, ƙannensa biyu suna noma a ƙarƙashinsa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kuɗin man fetur sun fara jan samari birni, ƙaramin baffana ya matsa a raba hatsin bana ya tafi Kano. Baba ya san in aka raba dami, gona ce za ta biyo baya.

Bayan fitar da zakka, dawa ta tashi dami ɗari biyu da goma sha uku. Baba ya ja ni bayan rumbu.

"Wannan tana rabuwa uku?"

Na ce tana rabuwa.

"Nemo min ta kusa da ita, mai taurin kan nan."

Na ce ɗari biyu da goma sha ɗaya. Nan take ya aika wa liman dami biyu sadaka.

Ranar rabo aka taru a masussuka. Aka kasa uku, dami ɗaya ya rage. Aka gwada da ɗakuna, aka gwada da bakunan gidan, ragowa ba ta fasa fitowa ba. Baba ya gyara zama ya ce, "Kun gani? Abin da Allah ya haɗa ne. A mayar rumbu." Har ga Allah na ji daɗi, kamar ni na riƙe gidan.

Ƙaramin Baffa bai yi musu ba. Ya durƙusa gaban damin da ya rage, ya kwance igiyar, ya kasa zangarniyar uku.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa.

Baba ya taso. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya naɗe ta a hannu, ya sa a aljihu. Tausayinsa ya hana ni kallonsa. Da muka kama hanyar gida ya tambaye ni ko malamin namu ya taɓa ɗaure dami. Na ce ban sani ba.

Da damina ta zo, gonar ta zama uku.