Gashin da Aka Ƙara wa Sarki

Tertula mai sayar da turare ba ta san dattijon nan ba, amma takunsa na tsohon soja ne: yana jan ƙafa ɗaya, ƙirji kuwa a gaba. Ya rufe kai da gefen mayafi irin na masu bauta, yana tsaye gaban gunkin marigayi Sarkin Rum, wanda majalisa ta shigar sahun alloli bara.

Kowa na sunkuyawa, shi kuwa sai leƙen kan gunkin yake, kafaɗunsa na rawa.

"Baba, rufa mana asiri," in ji Tertula, "mai tsaron ɗakin bauta na kallonka."

"'Yata, wa ya ba shi wannan gashi? Mutumin da in ya cire hular ƙarfe sai mun kare ido don ƙyallin sanƙo!"

Da ƙyar ta danne dariya. Wataƙila cikin waɗanda suka san sanƙon nan, shi kaɗai ya rage.

Dattijo ya barbaɗa turare a wuta, ya ƙame, ya sara wa gunkin.

"Ya yi maka kyau, maigida. Ba wanda zai ji a bakina."