Ɓerayen da Inna Ta Yi wa Adalci

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka tafi yajin aiki, ni kuwa ina tsakiyar binciken da zan samu digiri da shi. Binciken na ɓeraye ne, fararen nan masu jan ido, guda goma sha biyu. Shida ina zuba musu garin ɗinya a abinci, shida ba na zuba musu, don in ga ko ɗinyar za ta sauke musu sukarin jini, ta kuma canza ƙananan halittun da ke rayuwa a hanjinsu. Sati takwas ake yi ba fashi. Malamina ya ce ko in tafi da su gida in ƙarasa, ko in sake daga farko. Na zuba su a keji biyu, na hau motar Daura, daga nan na sami ta garinmu Dutsi.

Baba ya leƙa kejin. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da ɓera a rumbu, yau ga 'yarsa ta ɗauko masa su a mota.

"Karatun da muka tura ki ke nan?" in ji shi.

Ban ma gaya masa cewa kullum da safe sai na tsince kashinsu da ɗan cokali na adana a kwalba ba. Da idonsa ya gan ni, ya yi salati, ya saɓi fartanya ya wuce gona.

Inna, mahaifiyata, ita ta karɓe su hannu bibbiyu. Ta share musu ɗakin ajiya, ta kai kyanwarmu maƙwabta. Sai dai ranar da ta ga na barbaɗa garin a keji ɗaya na tsallake ɗayan, ta riƙe ƙugu.

"Waɗancan fa? Me suka yi miki?"

"Inna, haka ake yi. Sai an hana wasu ake ganin bambanci."

"Suna kallo?"

"Ɓeraye ne fa, Inna."

"Shi ɓeran ba shi da ido?"

Na yi ta bayani har yawuna ya ƙafe, ta ce to. Ni da na san "to" ɗin Inna, wallahi ban san abin da ya shiga kaina na yarda ba. Matar da ko ƙosai ɗaya aka aiko gidan sai ta gutsuttsura shi ya kai kan kowa!

A sati na bakwai na tsira musu allura a jela, na ɗiga jinin a na'urar gwajin sukari. Keji biyun duk ɗaya. Na sake, ɗaya. Na canza batir, na zagi na'urar, na zagi ɗinyar, har malamina bai tsira ba a zuciyata. Da na zo sauya dusar katakon da ke ƙasan kejin waɗanda ake hanawa, sai ga ƙwallayen ɗinya jibge a lungu, an gwaigwaye su tas.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na buɗe mata tafin hannuna. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ni ce. In kin tafi islamiyya nake ba su. Uku-uku ne fa kawai."

"Inna, kin kashe ni!"

Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka, kukan gaske, har da majina. Na ce mata aikin ya lalace, sai na nemo sababbin ɓeraye na faro, ƙawayena za su gama su bar ni. Ta ajiye rariyar. Ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, sai na ji tausayinta ya fi haushin yawa.

Lokacin ɗinya ya kusa wucewa. Washegari da sassafe, da ciwon gwiwarta, ta bi Baba gona, ta dawo da ƙwarya cike. Ita ta shanya, ita ta daka, ba ta bari na taɓa taɓarya ba. Ranar da sababbin ɓerayen suka iso ta miƙo mini garin a kwano, ga kwaɗon ƙofa sabo fil a kan murfin.

"Ki rufe ɗakin," in ji ta. "Kar ki gaya mini waɗanda za a hana. Makullin ma kar ki ajiye inda zan gani, na san halina."