Ranar da Kamfani Ya Canza Makulli

Tun ranar da yayan mijina ya kafa dish a gidanmu na Safana hankalina bai kwanta ba. 'Yata ta fari tana da ɗan hannu, komai ta gani sai ta taɓa. Ni kuma a gidan surukai nake, inda uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta tare mata faɗa.

Dikodar, wato ɗan akwatin da ke buɗe tashoshin dish ɗin, a Batsari ya sayo ta. An saka mata wata sofwaya mai buɗe tashoshin da kamfani ya kulle. Har ƙyalle Inna, uwar mijina, ta ɗinka mata saboda ƙura.

Wata la'asar maza sun cika zaure ana kallon ƙwallo. Yarinyar ta kai musu ruwa, ta ga rimot kan tabarma, ta ɗauka. A daidai nan hoto ya ɗauke, sai wani rubutu da ya tsaya a tsakiyar allo.

Ina tankaɗe na ji ihunta. Da wayar caja Yaya ya bi bayan hannunta.

"Me kika danna? Faɗa mini!"

Ni kawai take kallo ta ƙofar zaure. Na miƙe. Inna ta ce, "Zauna. Yau kuma a gabanmu za ki nuna ke kika haife ta?"

Na zauna. Na ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa.

Washegari ƙanwar mijina ta zo daga Batsari, tana ta mita wai tasu dikodar ta mutu jiya ana tsakiyar ƙwallo. Ta maƙwabtansu ma haka. Wai kamfanin ne ke aiko da sabon makulli ta sama, ya sauka da kansa cikin dikodar da ke kan ƙa'ida, irin tamu kuwa duk su rufe lokaci guda. Ba sai wani ya danna komai ba.

Na ɗaga kai na dubi Yaya. Dariya ya yi.

"To ai ta ci dukan laifin gaba. Gobe ba ta ƙara taɓa kayan mutane."

Ya ɗaure dikodar a bayan babur ya tafi a saka mata sabuwar sofwaya. Kafin magariba hoto ya dawo.

Shatin hannun ya warke. Amma har yau in aka kunna talabijin sai ta ɓoye hannuwanta cikin hijabi, ta raɓe jikin bango. In ta faɗi ko ta ji tsoro, ba ni take kira ba, ɗakin maƙwabciya take gudu.

Don Allah, in hotonku ya ɗauke, ku leƙa gidan maƙwabta ku tambaya tukuna, kafin ku kama hannun yaron da ke kusa.