Kawu Stoffel da Harsasansa Masu Gaba da Juna

A yankinmu na Musina, wanda bai san fuskar Kawu Stoffel Labuschagne ba ya san ƙararsa. Mai haƙa rijiyar burtsatse ne, ya ajiye aiki da kunne ɗaya, ɗayan kuwa ƙarar injin haƙa ta cinye shi. Maimakon ya zauna yana tsoma busasshen biskit a kofi kamar kowane tsoho mai hankali, sai ya sayo wata shirgegiyar bindiga, wadda yatsanka zai shiga bakinta har ya yi juyi.

Burinsa ɗaya a duniya: ya kayar da ɓauna kafin gwiwoyinsa su kayar da shi. To ita ɓauna harsashi iri biyu take buƙata. Na farko mai laushin kai, ya shiga jiki ya baje. In ba ta faɗi ba ta taso maka, sai mai taurin kai, mai fasa ƙashi. Kuma dole su sauka wuri guda, don ɓauna ba ta tsayawa ka gyara saiti.

Harsashin kanti? Kawu ya ce wannan na malalata ne. Ya kori motar matarsa, Inna Hendrina, daga gareji, ya kafa tebur, yana auna albarushi ƙwaya-ƙwaya yana ɗura wa kwanso. Amma in ya harba, harsasan nan kamar an raba musu gado: mai laushi ya nufi Botswana, mai tauri ya nufi Mozambik. Ya zargi albarushi, ya zargi kwanso, ya zargi zafin rana. Kafaɗarsa ta yi baƙi kamar gindin tukunya, a coci da hagu yake riƙe littafin waƙa. Kajin maƙwabta kuwa suka daina ƙwai.

"Tsoho," in ji Inna Hendrina, "kai da ɓaunar nan, wa tsufa zai fara kashewa?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Wannan kimiyya ce."

Ana nan sai Mudau, jagoran maharba, ya ce ya ajiye masa gurbi a farautar bana, da sharaɗi. Zai zo da kansa ya ga harsasan biyu sun shiga faranti ɗaya. "Kawu, ba na shiga daji da wanda zan dawo da shi a bargo."

To masu ɗurin harsashi suna da wata al'ada. Sukan haɗa guda ɗaya ba albarushi a ciki, don gwada tsayi kawai, su ajiye gefe. Kawu, saboda zumuɗin baƙo, ya goge duk abin da ke kan tebur har yana ƙyalli, ya jera a akwati ɗaya, har da holoƙon.

Ranar Asabar da hantsi muka cika bakin shinge, kowa da busasshen namansa yana tauna. Kawu ya zauna a benci, ya zari harsashi ɗaya daga akwatin ya ɗura, ya kafa bindiga a kafaɗa. Zuciyarsa na cewa yau 'yan gulma za su haɗiye yawu. Ya ja numfashi, ya ja kunama.

Ƙyas!

Bindiga ba ta tashi ba. Amma Kawu ya riga ya runtse ido biyu, ya cusa wuya cikin riga, ya fizge bakin bindiga sama, ya ce "Wash!" Sai ga shi a ƙasa, ƙafafu a kan benci, yana dafe da kafaɗa.

Wani ya ƙware da nama.

Mudau ya karɓe bindigar, ya zaro harsashin, ya girgiza shi a kunne, ya gane holoƙon nan ne. "Kawu, me ya buge ka?"

"Bindiga mana!"

"Ba ta ce komai ba fa. Tun yaushe kake rufe ido?"

"Wa? Ni? Ƙwaro ne ya shiga."

"Duka biyun?"

Inna Hendrina ta leƙo ta tagar kicin. "Tun bara yake yi, ɗana, kullum ina ganinsa. Ni na ɗauka addu'a yake."

Shinge ya kusa faɗuwa don dariya. Mudau dai bai yi ba, ya miƙa wa tsohon hannu ya tayar da shi. "Ƙila ma harsasanka lafiyarsu lau, ba a dai taɓa harba su ido buɗe ba. Bana kam ba da kai ba. Nemi 'yar bindigar tsuntsu ka yi ta harbin gwangwani, ranar da ka iya kallonsa yana faɗuwa ka kira ni."

Kawu ya kakkaɓe wando, ya ce dama bana ɓaunayen sun rame, ba su cancanci harsashinsa ba.

Washegari ya biyo ta bayan gidanmu, hula a karkace, yana tambaya ko za a ara masa bindigar tsuntsu. Wai ɓeraye ne suka dame shi a gareji.